Waiwaye: Daga ɗan kallo zuwa "yaron wane"

Tun kafin a san fim ɗin Hausa na bidiyo, matasan Jos suna da gwanayensu. A silima irin ta Kwararafa, finafinan Indiya ne suka riƙe kasuwa, kuma ana gane riƙaƙƙen ɗan kallo ne da saninsa: ya haddace waƙa ko da ba ya jin yaren, ya zayyano wa abokai labarin fim tiryan-tiryan. Ga shi garin ba baƙon kyamara ba ne, domin a nan hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1979.

Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin bidiyo na Turmin Danya a Kano a 1990, kallo ya tashi daga silima ya shiga ɗakunan matan aure. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, don matan da a da ba su zuwa silima su suka zama ƙashin bayan kasuwar kaset. Mujallar Fim ta fara fitowa a 1999, masu karatu suka riƙa aika wasiƙu, wannan na yabon jarumarsa, wancan na ƙorafin an kwaikwayi Indiyawa. Ko mai yabo ko mai suka, ya sa kuɗinsa ya saya, ko ya karɓo haya a shagon unguwa, ya kalla har ƙarshe kafin ya buɗe baki.

Rabuwar kai ta soma ne da jarumai suka kafa kamfanoninsu, Ali Nuhu da FKD, Sani Danja da 2Effects, kowa da yaransa. Masu kallo suka bi sahu. A majalisun Unguwar Rogo da Bauchi Road da ke Jos, gardamar wa ya fi wa takan kai dare, amma dai a kan fim ake yin ta.

Satar fasaha da masu tura fim a waya suka kashe kasuwar faifai, igiyar da ta ɗaure mai kallo da aikin ta tsinke. Sai Facebook da Instagram suka mayar da yawan mabiya jari. Jarumi na bukatar rundunar da za ta kare shi, matashi kuma na neman a san da zamansa. A 2019 saɓanin Ali Nuhu da Adam A. Zango ya kai gaban kotu a Kano, kuma zage-zagen da ake yi a shafukan sada zumunta na cikin abin da ya rura wutar.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yau za ka ga yaro ya zagi iyayen wani saboda gwaninsa, alhali bai kalli fim ɗin da ake magana a kai ba. Na fi ganin ƙimar matar da ba ta da shafi ko ɗaya, amma ba ta fashin shirin da take bi a Arewa24, tashar da ta fara aiki a 2014, ko take sayen data duk mako don ta kalli ci gaban labari a YouTube. Kallonta ne ke jawo tallan da ake biyan marubuci da mai ɗaukar hoto da shi.