Fafaroma da rikicin Furotesta: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tambayoyin nan ɗalibai ke ta kawo mini kowane zango. Ku karanta kafin ku sake zuwa.

Da wane Fafaroma Martin Luther ya yi rikici?

Leo na 10, ɗan gidan Medici. Luther, malamin cocin da ya fara tafiyar Furotesta, ya fito da hujjojinsa 95 na sukar sayar da gafara a Wittenberg ta Jamus a 1517, Leo ya kore shi daga coci a Janairun 1521.

Da gaske an sayar da gafara?

Takardar rage azabar zunubi ake sayarwa, wani kaso na kuɗin kuma yana tafiya ginin majami'ar Bitrus a Roma. Sai a 1567 Fafaroma Pius na 5 ya hana cinikin. Shekara hamsin, ai an makara.

Zan rubuta jarrabawa. In ce addini ne ya sa Fafaroma ya hana Sarki Henry na 8 sakin matarsa Catherine, ko tsoro?

Da farko ka daina rubuta "saki". Katolika ba su da saki. Henry na Ingila so ya yi a ce tun asali auren bai ɗauru ba, domin Catherine matar yayansa Arthur ce da ya rasu. To amma Fafaroma Julius na 2 ne ya ba da izinin auren. In Clement na 7, Fafaroman da Henry ya roƙa, ya warware, ya ce magabacinsa ya yi kuskure ke nan. Wannan hujja ce ta gaske.

Sai dai a 1527 sojojin Sarki Charles na 5, mai mulkin Sifen da Jamus, suka wawashe Roma, Clement ya ɓuya a ganuwar Sant'Angelo. Catherine kuwa ƙanwar mahaifiyar Charles ce. Wa zai taɓa innar mutumin da ya riƙe masa wuya? Kuma a 1498 an warware wa Louis na 12 na Faransa aurensa, ka ga ba abu ne da ba a taɓa yi ba.

Ni na fi karkata ga tsoro, ganin yadda Clement ya tura Kadinal Campeggio Landan ya yi ta jan ƙafa har aka ɗage shari'ar a 1529. Amma zuciyar mutum ba a karanta ta daga takarda. Kawo duka biyun, ka auna, ba wanda zai kayar da kai.

Yaushe aka yi taron Trent?

Taron shugabannin Katolika ne don amsa wa Furotesta. Daga 1545 zuwa 1563, Fafaroma Paul na 3 ne ya kira shi. Yana cikin littafinku, ku buɗe mana.