Kiwon ƙananan kifayen ado a gida

Kiwon kifin ado shi ne ajiye ƙananan kifayen ruwan daɗi masu launi a cikin akwatin gilashi, domin ƙawata ɗaki ko domin a hayayyafa su a sayar. Ya bambanta da kiwon tarwada da karfasa, waɗanda ake ciyarwa don su yi nauyi a kai kasuwa. Yawancin kifayen ado ba su wuce tsawon ɗan yatsa, kuma abin da ake nema a wurinsu shi ne lafiya da kyawun launi da haihuwa. A Accra da Kumasi wannan kiwo yana da sauƙi ta fuska ɗaya, domin zafin gari ya yi daidai da abin da kifayen ke so, ba sai an sayi na'urar ɗumama ruwa kamar yadda ake yi a Turai ba. Wahalarsa tana wani wuri dabam: kulorin da ke cikin ruwan famfo, ɗauke wuta, maganin sauro, da yawan abinci. Waɗannan huɗu suna iya kashe kifaye a gidajen haya na unguwannin Nima da Maamobi a Accra, da Aboabo da Asawase a Kumasi.

Irin kifayen da ake kiwo

Gupi ne ya fi yawa, shi ne kuma ya fi dacewa da mai farawa. Asalinsa arewa maso gabashin Kudancin Amurka ne, wato Benezuwela da tsibirin Tirinidad da maƙwabtansu. Wilhelm Peters ne ya fara bayyana shi a kimiyyance a 1859, sunan gupi kuma ya samo shi ne daga Robert John Lechmere Guppy, wanda ya aika samfurinsa daga Tirinidad zuwa Landan a 1866. An kai shi ƙasashe da dama domin ya cinye tsutsar sauro, shi ya sa ake ganinsa a kwatoci da tafkuna nesa da ƙasarsa. Namiji yana kai santimita 3 zuwa 4 kuma shi ne mai ado, mace ta fi shi girma, tana kai santimita 5 zuwa 6. Danginsa su ne moli da filati da mai wutsiyar takobi, waɗanda suka fito daga Meziko da Amurka ta Tsakiya. Dukansu haihuwa suke yi, ba sa saka ƙwai.

Beta, wanda ake kira kifin faɗa, ɗan ƙasar Tailan ne. Yana iya shaƙar iska daga saman ruwa, saboda haka ɗauke wuta bai cika damunsa ba. Maza biyu ba sa zama wuri ɗaya, za su yayyage juna, kuma haɗa su da gangan don kallo zalunci ne da malamai suka hana. Akwai kuma daniyo mai zane irin na jakin dawa, daga Indiya da Bangaladash, kifi ne mai juriya da ke son yawo cikin ayari na shida ko fiye.

Kifin zinariya ana yawan sayar da shi yana ƙarami, amma bai kamata a lissafa shi cikin ƙananan kifaye ba. Yana wuce santimita 20, kashinsa da yawa, kuma ya fi son ruwa mai sanyi fiye da na ɗakin kwano a watan Maris. Wanda ya sa shi a ƙaramin kwanon gilashi ya cuce shi.

Afirka ta Yamma ma tana da nata kifayen ado, waɗanda masu kiwo a Turai ke nema ruwa a jallo. Epiplatys dageti da Fundulopanchax walkeri ana samunsu a ƙananan rafukan dajin kudancin Ghana da Kwaddibuwa, Pelvicachromis pulcher kuma daga kudancin Nijeriya ya fito. Tsiron Anubias da ake ɗaure wa a jikin itace a akwatunan kifi na duniya ma ɗan wannan yanki ne.

Akwati da wurin ajiye shi

Ana sanin yawan ruwan akwati idan aka ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, sannan aka raba da 1000. Akwati mai tsawon 60, faɗin 30, zurfin 30 yana ɗaukar lita 54, wanda ya ishi manyan gupi 10 zuwa 12. Gilashi mai kaurin milimita 5 ko 6 ya isa wannan girma. Masu yankan gilashin taga suna iya haɗa shi, amma a tabbata silikon ɗin da za su liƙa da shi ba irin na banɗaki ba ne mai maganin hana fumfuna, domin wannan magani yana narkewa a ruwa ya kashe kifi. A bar silikon ya bushe kwana biyu zuwa uku, a cika akwatin da ruwa a waje ya kwana don a ga ko yana yoyo.

Kowace lita kilo ɗaya ce, don haka akwatin nan da tsakuwarsa ya haura kilo 60. Yana buƙatar tebur mai ƙarfi wanda bai karkace ba, da shimfiɗar farin soso na kwalin firiji a ƙarƙashinsa don kada ƙwayar yashi ta tsaga gilashin. Kada a ajiye shi inda rana ke bugawa ta taga, domin ruwa zai yi zafi kuma gansakuka ta rufe gilashin cikin mako guda. Babban akwati ya fi ƙarami sauƙin kula, domin ruwa mai yawa ba ya saurin ɓaci kuma ba ya saurin canja zafi. A ƙasa ana zuba tsakuwa ko yashin kogi da aka wanke har ruwansa ya fita garau, kaurin santimita 3. Murfi wajibi ne, ko na raga ne, saboda mai wutsiyar takobi da beta suna tsalle.

Ruwa

Ruwan famfon Accra daga Weija da Kpong yake zuwa, na Kumasi daga Barekese da Owabi, kuma duk ana sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta. Abin da ya sa ya zama lafiya ga mutum shi ne yake ƙona wurin numfashin kifi. Maganinsa shi ne a ɗebi ruwan a buɗaɗɗen bokiti a bar shi kwana ɗaya zuwa biyu, ko a ɗiga masa maganin cire kulorin da ake sayarwa a shagunan kifi, wanda ke aiki nan take. Ruwan da ya kwana biyu a tankin roba na gida yawanci kulorinsa ya riga ya fita. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, sai dai a wasu unguwannin Accra yana da ɗanɗanon gishiri. Moli da gupi suna jure kaɗan daga wannan, beta da tsirrai ba sa so. Ruwan sama zalla ba shi da ma'adinan da gupi ke buƙata, sai an gauraya shi da na famfo, kuma kada a tari na farkon saukowa daga rufin kwano. Galan ɗin Kufuor, wato jarkar roba da ake ɗiban ruwa da ita, idan an taɓa zuba mai ko kananzir a ciki, da bokitin da ya taɓa ganin sabulu ko Omo, duk ba su dace ba. A keɓe bokiti ɗaya na kifi kaɗai, a sanar da kowa a gidan.

Abin da ya fi rikita masu farawa shi ne mutuwar kifi a sabon akwati alhali ruwan yana nan fes. Kifi yana fitar da amoniya ta wurin numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe amoniya yake zama, ita kuwa guba ce da ido ba ya gani, kuma ƙarfinta yana ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi. Akwai bakteriya masu amfani da ke mayar da amoniya naitirait, wadda ita ma guba ce da ke hana jinin kifi ɗaukar oksijin, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, wadda cutarwarta kaɗan ce sai ta taru. Waɗannan bakteriya suna zama ne a jikin tsakuwa da soson matata, wato abin da ke tace ruwan akwati, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da zai isa. A wannan tsakani kifi uku ko huɗu kawai za a sa, a riƙa ba su abinci kaɗan, a canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk bayan kwana biyu ko uku. Hanya mafi sauri ita ce a karɓo tsohon soso daga akwatin wani mai kiwo da kifayensa ke da lafiya, a kawo shi a jiƙe, a sa a sabon akwati.

Daga nan ne dokar wanke akwati ta fito. Kwashe kifi a zuba a kwano, a zubar da ruwan duka, a goge tsakuwa da soso a ƙarƙashin famfo, yana kashe bakteriyar nan ya mayar da akwatin sabo fil, shi ya sa kifi ke mutuwa kwana biyu bayan an yi masa “tsafta”. Abin da ya dace shi ne kowane mako a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu da tiyo, ana bin ƙasa ana kwashe dattin da ke cikin tsakuwa, a mayar da ruwan da ya kwana. Soson matata kuma a matse shi a cikin ruwan da aka zuƙe.

Iska da ɗauke wuta

Matatar soso da ƙaramin famfon iska ke turawa ita ce mafi araha, kuma ba ta zuƙe 'ya'yan kifi. Ruwa mai zafi oksijin ɗinsa kaɗan ne, don haka dumso, wato ɗauke wuta, a watannin Fabrairu zuwa Afrilu ya fi haɗari. Alamar ita ce kifaye su taru a saman ruwa suna haki. A daina ba su abinci har wuta ta dawo, a buɗe murfi, a riƙa ɗiban ruwan akwatin da kofi ana kwararo shi daga sama na 'yan mintuna duk bayan awa ɗaya ko biyu. Famfon iska mai batir, ko wanda ake jonawa a fawa bank na waya, yana raba mai kiwo da wannan wahala. Akwatin da ba a cunkusa masa kifi ba yana iya kwana ba wuta lafiya lau.

Zafin da ya dace shi ne digiri 24 zuwa 28. Idan ya haura 30, fanka da ke kaɗa saman ruwa tana sauke shi da digiri ɗaya ko biyu. A daren hunturu a Kumasi kuwa, a matsar da akwati daga bakin taga a rufa masa zane.

Maganin sauro na feshi da na ƙonawa yawancinsu suna ɗauke da sinadaran da ke kashe kifi ko da ɗan mitsitsi ne ya shiga ruwa. Kafin a yi feshi a kashe famfon iska, domin shi ne ke tura iskar ɗaki cikin ruwa, a rufe akwatin ruf da jiƙaƙƙen tawul, kada a buɗe sai ɗakin ya sha iska. Hannun da aka shafa wa mai ko turare ma a ɗauraye shi da ruwa zalla kafin a tsoma.

Abinci

Sau biyu a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu. Kifi mai lafiya yana iya kwana uku ba abinci, amma ragowar abincin dare ɗaya tana iya ɓata ruwa. A gidan da ke da yara, mutum ɗaya ne zai riƙa ciyarwa, a ɗaga gwangwanin abincin sama. Burodi da gari da shinkafa ba abincin kifin ado ba ne. Moli yana son ganye, ana iya ba shi ɗan alayyafo da aka tsoma a tafasasshen ruwa. Tsutsar sauron da aka kwaso daga ruwan da ya kwanta abinci ne mai kyau, amma kada a ajiye ruwa da niyyar tara ta.

Hayayyafa

Ana gane namijin gupi da fiffiken ƙarƙashin cikinsa, wanda ya zama siriri mai tsini, na mace kuwa a buɗe yake, tana kuma da baƙin tabo kusa da mara wanda ke ƙara duhu idan ciki ya tsufa. A haɗa namiji ɗaya da mata biyu ko uku, in ba haka ba zai gajiyar da mace guda da bi. Cikin yana ɗaukar kwana 21 zuwa 30, takan haifi 20 zuwa 40, babbar mace ta fi haka. Mace tana ajiye maniyyi a jikinta, ta haihu sau da dama daga barbara ɗaya, don haka mai son tsare wani launi sai ya raba maza da mata tun suna mako huɗu, kafin su balaga a wata na biyu ko na uku.

Iyaye suna cin 'ya'yansu. Kainuwa ita ce mafakar da ta fi sauƙin samu, domin jijiyoyinta masu gashi suna ɓoye jarirai, tana kuma shan naitiret. A wanke ta sosai, a riƙa rage ta kada ta rufe fiye da rabin saman ruwa. Wata hanyar ita ce a keɓe mai ciki a wani akwati, a cire ta da zarar ta gama haihuwa. Jarirai suna cin abincin manya da aka murje ya zama gari, sau uku ko huɗu a rana. Gwaiduwar dafaffen ƙwai ma tana yi, amma kamar kan ashana ta isa, saboda tana saurin ɓata ruwa. Idan aka bar dangi ɗaya suna barbarar juna zuriya bayan zuriya, ana fara ganin karkataccen baya da dusashen launi, sai a nemo namiji daga wani gida.

Beta nasa tsarin dabam ne. Namiji yana gina sheƙar kumfa a saman ruwa mai zurfin santimita 12 zuwa 15, ya naɗe mace har ta saki ƙwai, ya tsince su da baki ya kai cikin kumfa. Nan take a cire macen, domin zai far mata. Ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, bayan kwana biyu ko uku kuma 'ya'yan su fara iyo, a lokacin ne ake cire uban. Busasshen ganyen bishiyar da ake kira abrofo nkatie da harshen Twi, wadda ke ko'ina a Accra, yana rina ruwa ya yi kalar shayi, kuma masu kiwon beta suna amfani da shi sosai: ganye ɗaya a lita 20.

Cututtuka

Farin ɗigo shi ne ya fi yawa. Kifi yana fitar da fararen ƙuraje ƙanana a jiki da fiffike, yana goga jikinsa a tsakuwa. Ƙwayar cutar tana ɓoye a cikin fata inda magani ba ya kai wa, sai ta faɗo ta hayayyafa ake samunta, shi ya sa ake ci gaba da magani aƙalla kwana uku bayan ɗigon ƙarshe ya ɓace. Ga gupi da moli, tsabtataccen gishirin garin Ada giram 2 a kowace lita, wato kusan giram 100 a akwatin lita 54, a narkar da shi a zuba kashi uku cikin kwana biyu, yana aiki, sai dai a cire tsirrai tukuna. Ruɓewar fiffike kuwa kusan kullum daga ƙazamin ruwa take, kuma yawan canja ruwa ne farkon maganinta.

Sabon kifi a keɓe shi mako biyu zuwa huɗu kafin a haɗa shi da na gida. Ranar da aka kawo shi, a ɗora ledarsa a ɗaure a saman ruwa minti 15 don zafinsu ya daidaita, a riƙa ƙara ruwan akwati cikin ledar kaɗan-kaɗan, sannan a ɗauko shi da 'yar koma, ruwan shago kuma a zubar. Kifin da ya yi yawa a kyautar da shi ko a mayar wa mai shago, kada a sake shi a kwata ko rafi, domin gupi yana gogayya da ƙananan kifayen ƙasa a kan abinci, kuma yana iya kai musu cutar da ba su saba da ita ba.