Ma'anar Ƙasa a Dokar Mallakar Kadara

A dokar kadara, ƙasa ta ƙunshi fili da abin da ke ƙarƙashinsa, da sararin da ke samansa, da duk abin da aka kafe a jikinsa, da kuma haƙƙoƙin da ke bin filin duk hannun da ya koma. Dokar Kadara ta Ingila ta 1925, a sashe na 205, ta sanya gine-gine da ma'adinai da haƙƙin bi ta filin maƙwabci cikin wannan ma'ana. Sashe na 552 na kundin dokar farar hula ta Faransa ya ce mai ƙasa shi ne mai samanta da ƙarƙashinta.

Tsohuwar ƙa'ida ta ce mallakar mai fili ta tashi daga sama har tsakiyar duniya, amma jiragen sama sun rage mata tsawo. A 1946 Kotun Ƙolin Amurka ta duba ƙarar Causby, wani mai kiwon kaji da jiragen soja ke ratsa gonarsa a tsayin ƙafa 83, har kajin suna mutuwa don firgita. Kotun ta ce sararin can sama hanyar kowa ce, amma iyakar sararin da mutum zai iya amfani da shi nasa ne, don haka Causby ya cancanci diyya. Saboda haka indararon da ya leƙa filin maƙwabci kutse ne, ko bai taɓa ƙasa ba.

Ƙarƙashin ƙasa ma haka. A shari'ar Bocardo ta 2010, Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce rijiyoyin mai da aka haƙa a karkace suka shiga ƙarƙashin filin wani kutse ne, duk da cewa man na gwamnati ne. Diyyar ba ta wuce fam 1,000 ba. A yawancin ƙasashe ma'adinai na gwamnati ne, yayin da a Amurka mai fili kan mallake su, har ya sayar da su daban.

Inda rigima ta fi yawa shi ne kan abin da aka kafe a fili. Kotu tana duba abu biyu: ƙarfin kafewar, da dalilinta. Misalin da aka bayar a shari'ar Holland da Hodgson ta 1872 ya fayyace batun. Duwatsun da aka jera suka zama katanga sun zama ƙasa ko babu siminti, amma idan an jibge su a harabar magini don ajiya, kaya ne kawai. A 1997, a shari'ar Elitestone, an ɗauki gidan katako da aka ɗora a kan ginshiƙan kankare a matsayin ƙasa, domin ba ya ɗaukuwa sai an rushe shi. Abin da ya zama ƙasa yana bin mai saye ko mai riƙe da jingina ko ba a ambace shi ba. Mai sayarwa da ya cire ƙofofi ko famfon rijiya bayan an ƙulla ciniki ya ɗauki kayan wani. Abin da ya dace shi ne a rubuta a takardar ciniki, ɗaya bayan ɗaya, abin da zai tsaya da abin da za a kwashe.

Idan kogi ne iyaka, ƙasar da ruwa ya tara sannu a hankali ta zama ta mai gaɓar, amma idan ambaliya ta sauya hanyar kogin farat ɗaya, iyaka tana nan inda take.