Ƙananan tsutsotsi a sabon tankin kifin ado

Ƙananan tsutsotsi kan bayyana a tankin gilashi na kifin ado cikin makonnin farko da haɗa shi, wasu manne a jikin gilashi, wasu suna lilo a ruwa kamar zaren auduga. Mafi yawansu ba sa cutar da kifi. Sukan shigo a saiwar tsiron da aka sayo, ko cikin tsakuwa da soson matata (na'urar tace ruwan tanki) da aka ɗebo daga tsohon tanki, ko yashin rafi, ko tare da abincin kifi mai rai. Abin da ke sa su yawaita shi ne ragowar abinci: sabon tanki na ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin bakteriya masu sarrafa amoniya (gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci) su kafu, kifayen da za su cinye tsutsotsin kaɗan ne ko babu, mai tanki kuma yana ɗokin zuba abinci. Ana bambance nau'o'in da siffar kai da salon tafiya, kuma wannan ya kamata ya riga zuba kowane magani.

Yadda ake dubawa

Yawancinsu ba sa son haske. A kashe fitila, a bari kamar awa ɗaya, sannan a haska gilashin da tocila daga gefe. A zuƙo guda da sirinji marar allura, a ɗiga a farin faranti, a duba da gilashin ƙara girma ko kyamarar waya.

Tsutsar datti

Ita aka fi gani. 'Yar uwar tana ce, daga dangin Naididae, siririya kamar gashi, fara ko ruwan ƙasa-ƙasa, tsawonta daga 'yan milimita zuwa kusan santimita 2. Jikinta gaɓa-gaɓa ne, kuma idan tana iyo tana lanƙwasa kamar maciji. Mazauninta cikin tsakuwa, inda take cin kashin kifi da ruɓaɓɓen ganye. Da yawa daga cikinsu na hayayyafa ta hanyar rabewa gida biyu, shi ya sa adadinsu ke ninkuwa cikin kwanaki idan abinci ya wadata. Ƙananan kifayen ado irin su gofi (guppy) na cinye su.

Abin lura shi ne lokacin da suka fito ɗaruruwa suka hau gilashi zuwa saman ruwa. Wannan alama ce ta ƙarancin iskar oksijin a ƙasan tanki. Ruwa mai zafin digiri 20 na riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a lita, a digiri 30 kuwa kusan 7.5 ne kawai. Saboda haka a lokacin zafi, musamman in an ɗauke wuta famfon iska ya tsaya, sai a wayi gari gilashi ya cika da su. Tsutsar ba ita ce matsalar ba, alama ce kawai ta cewa ruwan na da matsala.

Filaneriya da mai kama da ita

Filaneriya shimfiɗaɗɗiya ce, kanta mai kusurwa uku kamar bakin kibiya, da ɗigon ido biyu masu kama da harara-garke. Takan kai santimita 1. Ba ta lanƙwasa, sulalewa take a kan gilashi kamar katantanwa marar kwanso, bakinta kuma a tsakiyar cikinta yake. Tana cin ƙwan kifi, tana kama ƙananan jatan lande, musamman waɗanda suka yi saɓa jikinsu bai yi tauri ba. Babban kifi ba ta iya masa komai. Kada a murje ta a jikin gilashi, domin kowane gutsure na iya tsirowa ya zama cikakkiyar tsutsa.

Akwai wata shimfiɗaɗɗiya daga rukunin Rhabdocoela da ake yawan ɗauka filaneriya ce. Ba ta cika wuce milimita 3 ba, kanta a mulmule yake kamar ƙwayar shinkafa. Bakteriya da gansakuka take ci, ba ta da illa. An sha zuba wa tanki magani a banza saboda ita.

Sauran baƙi

Tsutsar sauro na rataye da kai ƙasa a saman ruwa, tana nutsewa da zarar an taɓa tankin. Murfi da motsin ruwa ke hana ta. Jar tsutsa mai gina ɗan bututu a laka 'yar wani ƙwaro ce mai kama da sauro amma ba ya cizo, kuma abincin kifi ce mai kyau. Matsattsaku yana da abin manne gaba da baya, yana tafiya yana miƙewa yana dunƙulewa. Shi a cire da hantsaki.

Wadda ke buƙatar gaggawa ita ce Camallanus: jajayen zare da ke leƙowa daga duburar kifi idan ya tsaya cik. Cikin hanji take zaune tana shan jini, kifin ya rame ko da yana ci. Ana maganinta da levamisole, kimanin miligiram 2 a kowace lita, a zuƙe ƙasan tanki bayan awa 24 tunda maganin shanye jikinta yake yi ta faɗo, a maimaita bayan mako 2 zuwa 3. Dukan kifayen tankin ake yi wa.

Rage yawansu

Ga tsutsar datti da Rhabdocoela, yunwa ce magani. A bar kifi kwana biyu ba abinci, lafiyayyen babban kifi yana jure haka. Daga nan a riƙa ba shi abin da zai cinye cikin minti biyu. Duk mako a zuƙe tsakuwa da tiyo, a canza kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na ruwan da wanda aka kashe wa kulorin. Soson matata a ɗauraye shi a ruwan da aka zuƙo daga tankin, don kulorin da ke cikin ruwan famfo na kashe bakteriyar da ake jira ta kafu. Kwashe komai a wanke tas kuskure ne babba, yana mai da tankin ranar farko.

Ita filaneriya ana ɗana mata tarko: ƙaramar kwalbar roba da aka huda wa ƙananan ramuka, a sa ɗan gutsuren ɗanyen nama, a nutsar da dare, a cire da asuba kafin naman ya ɓata ruwa. In ta ƙi ƙarewa kuma ana kiwon jatan lande, maganin tsutsa mai suna fenbendazole na kashe ta, amma yana kashe wasu katantanwan ado, sai a kwashe su tukuna. Gawarwakin tsutsotsin na ɗaga amoniya, don haka a auna ruwan kuma a canza wani kaso bayan kwana biyu. Sabon tsiro kuwa a ajiye shi a bokiti na daban mako biyu, ana duba shi da tocila, kafin ya shiga tanki.