Waƙoƙin sojan Jamus na zamanin yaƙi: su wa suka tsara su?

Shin duk waƙar da sojojin Hitler suka rera, 'yan Nazi ne suka tsara ta?

A'a. Kowace waƙa tana da lokuta uku da ya kamata a rarrabe: lokacin da aka rubuta baitocinta, lokacin da aka sa mata kari, da lokacin da sojoji suka ɗauke ta. Galibin ruɗanin daga cakuɗa waɗannan ukun yake tasowa. "Ich hatt' einen Kameraden", wadda ake rerawa don sojan da ya mutu, Ludwig Uhland ne ya rubuta ta a 1809, Friedrich Silcher ya sa mata kari a 1825. Har yau ana busa ta a jana'izar sojojin Jamus.

To, taken ƙasar nan mai cewa "Jamus sama da komai" fa?

Ya girmi Hitler nesa ba kusa ba. Karin na Joseph Haydn ne, ya tsara shi a 1797 don Sarkin Ostiriya. Baitocin kuwa Hoffmann von Fallersleben ya rubuta a 1841, lokacin Jamus tana rarrabe gida-gida ƙarƙashin ƙananan sarakuna, manufarsa ita ce a fifita haɗin kai a kan son yanki. Ya zama taken ƙasa a 1922. 'Yan Nazi sun riƙe baitin farko kawai, suna biyo shi da waƙar jam'iyyarsu. Jamus ta yau baiti na uku take rerawa.

Marlene Dietrich, 'yar fim kuma mawaƙiya haifaffiyar Jamus, ita ce mai waƙar "Lili Marleen"?

Ba ita ba ce, kuma ba a Yaƙin Duniya na Biyu aka rubuta ta ba. Hans Leip ya rubuta baitocin a 1915, yana soja a yaƙin farko. Norbert Schultze ya sa kari a 1938, Lale Andersen ta rera a faifai a 1939, faifan bai yi kasuwa ba. Sai a 1941 gidan rediyon sojojin Jamus na Belgrade ya shiga sa ta kowane dare dab da ƙarfe goma. Muryar tashar tana kaiwa Arewacin Afirka, don haka sojojin Ingila ma suna kama ta, har suka haddace. Goebbels, ministan farfaganda, ya tsane ta, don waƙar kewa ce, ba ta zuga kowa ya yi faɗa. Dietrich kuwa ta bar Jamus tun 1930, kuma sojojin ƙawance ta rera wa.

"Erika" tsohuwar waƙar gargajiya ce, ko?

Nan kuskuren ya juya. Baitocin ba siyasa a ciki, fure ne da budurwa, shi ya sa ake ɗauka ta kaka da kakanni ce. Amma Herms Niel ne ya tsara ta a shekarun 1930, ɗan jam'iyyar Nazi ne, kuma don maci aka yi ta: bugun ganga uku da ke biyo bayan layi ya dace da takun soja. Wanke ta da sunan gargajiya bai dace ba.

Waccan da ake yaɗawa a YouTube da TikTok a matsayin taken mayaƙan saman Hitler fa?

Idan "Was wollen wir trinken" ce, ƙarya ce tsagwaronta. Karin na waƙar giyar tuffa ce daga yankin Brittany na Faransa. Ƙungiyar mawaƙan Holan mai suna Bots, masu ra'ayin gurguzu-gurguzu, ita ta fitar da ita da harshen Holan a 1976, sannan da Jamusanci. Hoton yaƙi kawai aka ɗora a kai. Alamar da ke tona irin wannan ita ce sautin: faifan kafin 1945 yana da ƙara-ƙara, muryar kuma a dunƙule take, ba a raba ta kunnen dama da na hagu ba.

Wace ce aka haramta?

Waƙar Horst Wessel, wato waƙar jam'iyyar Nazi da aka ambata a baya. Wessel ɗan jam'iyyar ne, shi ya rubuta baitocinta a 1929, aka kashe shi a 1930. Sashe na 86a na dokar laifukan Jamus ya hana rera ta a fili, har da karinta ba tare da baiti ba. Baitin farko na taken ƙasa kuwa ba a haramta shi ba, an dai daina amfani da shi a hukumance.