Me ake nufi da fim ɗin gidan fatalwa?

Fim ɗin gidan fatalwa reshe ne na fina-finan ban tsoro, wanda kusan dukan labarinsa ke gudana a cikin gida ɗaya da ake zargin wani abu da ba mutum ba yana zaune a ciki. Galibi tsohon gida ne, ƙato, mai bene da ɗakuna barkatai, can bayan gari inda ko ihu ka kurma ba mai kawo maka ɗauki. Sai wasu su tare a ciki: magada da suka zo jin wasiyya, ko iyalin da suka sami gidan da araha, ko masu bincike da suka zo gane wa idonsu. Daga nan sai ƙofa ta fara rufe kanta, a ji takun sawu a sama alhali kowa yana ƙasa, wani lungu ya ɗauki sanyi ba dalili.

Akwai abin da ya kamata mai kallo Bahaushe ya riƙe tun farko. Mu idan aka ƙaurace wa kango, cewa muke aljanu sun tare a ciki, kuma Musulmi bai yarda mamaci yana dawowa yawo a duniya ba. A labaran Turai da Amurka kuwa, inda aka fi yin irin waɗannan fina-finai, fatalwa ruhin mutum ce da ya mutu bai huta ba, don an zalunce shi ko shi ya yi zalunci. Ke nan tana da ƙorafi, kuma shi ya sa kusan kowane fim na wannan layi yake komawa bincike: wa ya mutu a nan, yaya ya mutu, wa ya rufa asirin? Gidan shi ne mashaidin da ya ga komai, ya ƙi mantawa.

Da farko masu shirya fim a Amurka ba su cika yarda su ce fatalwar gaske ce ba. A The Cat and the Canary na 1927, fim marar magana, dangi sun taru da tsakar dare a ji wasiyyar wani attajiri shekara 20 bayan mutuwarsa, aka yi ta firgita, ƙarshe ta bayyana makircin ɗan Adam ne saboda kwaɗayin gado. Haka aka daɗe ana yi. Ko a Indiya, wadda fina-finanta suka daɗe a gidajen sinimarmu, Mahal na 1949 da ya fito da sunan Madhubala ya bi wannan hanya: matar da ake zaton fatalwa ce ashe mutum ce da ranta. The Uninvited na 1944 yana cikin na farko a Hollywood da suka ɗauki fatalwa da gaske. Wa da ƙanwarsa sun sayi gida a bakin teku a yankin Cornwall na Ingila a kan kuɗi kaɗan, sai ga kukan mace cikin dare da ƙamshin fure da ba a san daga ina yake fitowa ba, kuma ba wani mayaudari da aka kama a ƙarshe.

A ganina wannan layi bai taɓa kai inda ya kai a farkon shekarun 1960 ba, musamman a The Haunting na 1963, wanda Robert Wise ya ba da umarni daga littafin Shirley Jackson na 1959. Baƙi da fari ne, kuma daga farkonsa har ƙarshe ba a nuna fatalwa ko sau ɗaya ba. Mutum huɗu ne a gidan, sai bugun bango da ke matsowa ɗaki bayan ɗaki, sai wata ƙofar katako da take kumbura tana lotsawa kamar mai numfashi. Akwai wurin da jarumar, Eleanor, take kwance cikin duhu tana jin muryoyi ta bango, ta ƙanƙame hannun abokiyar ɗakinta don samun natsuwa. Da aka kunna fitila sai ga abokiyar can nesa a ɗaya ɓangaren ɗakin. To hannun wa ta riƙe? Fim ɗin bai amsa ba, kuma rashin amsar ce take tayar da tsigar jiki. Duk dodon da kwamfuta za ta zana yana da iyaka, da ka ƙare masa kallo tsoron ya ragu, amma abin da aka bar wa zuciyarka ta zana da kanta, daidai da tsoronka take yanka shi.

Shekara biyu kafin wannan, The Innocents na 1961 ya ƙara wani ƙulli. Deborah Kerr ta fito a mai renon yara biyu marayu a wani gida na ƙauye, tana ganin wasu ma'aikatan gidan biyu da suka riga suka mutu. Har aka tashi ba a tabbatar maka ko suna nan da gaske ko idonta ne ke mata gizo ba. Wannan kokwanton yana cikin jinin fim ɗin gidan fatalwa: ko gidan ne ke da matsala, ko wanda ya shigo cikinsa ya zo da tasa.

Tambayar da kowa ke yi yana kallo ita ce, me zai hana su tattara nasu ya nasu su gudu? Fim mai kyau yana da amsa, kuma amsar takan fi fatalwar ciwo. A The Haunting, Eleanor ta kwashe shekara 11 tana jinyar mahaifiyarta, ta fito ba gida ba madafa, sai ta ji kamar wannan mugun gida ne kaɗai ya taɓa buƙatarta. A The Amityville Horror na 1979 kuwa kuɗi ne ya ɗaure su. An bar katafaren gidan masu sarauta an dawo gidan iyali a unguwa, wanda magidanci ya zuba abin da ya mallaka a kai. Duk wanda ya taɓa yin tanadi na shekaru don ya sami muhalli ya san ba a wayi gari a bar shi don an ji motsi da dare.

Wannan fim ɗin ne kuma ya yi fice da tallar cewa labarin gaske ne, don haka a rarrabe. Kisan gaske ne: a Nuwamban 1974 Ronald DeFeo ya harbe mutum shida na gidansu a garin Amityville da ke jihar New York, kotu ta ɗaure shi. Gaskiya ne kuma iyalin Lutz, waɗanda fim ɗin ke ba da labarinsu, sun tare a gidan a Disamban 1975, suka fice bayan kwana 28. Amma abubuwan al'ajabin da suka ce sun gani, an yi ta musanta su har da shari'a, kuma waɗanda suka sayi gidan bayansu sun ce ba abin da ya dame su sai 'yan kallo da ke cika musu ƙofa.