Talabijin na waya da na tauraron ɗan Adam wajen kallon HD

Talabijin na waya da talabijin na tauraron ɗan Adam hanyoyi biyu ne da kamfanoni ke bi su kai tashoshi gidajen masu biyan kuɗin wata. Na farko yana bin waya da aka binne a ƙasa ko aka rataya a turaku har ta shigo ɗaki. Na biyu yana saukowa ne daga sama, dish ya tattara shi, dikoda ta warware shi ya zama hoto da sauti. Dukansu suna iya ɗaukar hoto mai tsabta da ake kira HD, don haka zaɓi tsakaninsu ya fi rataya a kan inda mutum yake zaune, yanayin garinsu, da yadda kamfanin ke matse hoton kafin ya turo shi.

Ma'anar HD

Hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne da aka jera a layuka. Tsohon tsari yana da layi 576 a Turai da yawancin Afirka, 480 kuma a Amurka da Japan. HD ya zo a siga biyu: mai ɗigo 1280 a kwance da 720 a tsaye, da mai 1920 da 1080, dukansu a allo mai faɗin 16:9. Na 1080 yana ɗauke da ɗigo sama da miliyan 2, kusan ninki biyar na tsohon hoton. Wanda ake kira 4K kuwa, mai 3840 da 2160, ya ninka na 1080 sau huɗu. Yawan ɗigo yana nufin yawan bayanan da dole a tura cikin kowane sakan, kuma a nan ne gasar hanyoyin biyu ta samo asali.

Asali

Talabijin na waya ya fara ne a Amurka a 1948, a garuruwan da duwatsu suka tare wa sigina, irin su Mahanoy City a jihar Pennsylvania da Astoria a Oregon. Sai a kafa doguwar eriya ɗaya a kan tudu, a ja waya zuwa gidaje. Tauraron ɗan Adam ya shigo harkar ne a matsayin mai taimaka wa masu waya: a 1975 tashar HBO ta aika musu damben Muhammad Ali da Joe Frazier daga Manila ta tauraro. Ƙaramin dish na gida ya bazu daga baya, da Sky a Birtaniya a 1989, DirecTV a Amurka a 1994, sai DStv a Afirka a 1995.

Yadda suke aiki

Taurarin ɗan Adam na talabijin suna zagaye ne a nisan kilomita 35,786 saman layin ikweta, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, inda gudunsu ya yi daidai da juyawar duniya. Shi ya sa dish ke fuskantar wuri guda ba ya motsi. Yawancin ƙananan dish suna karɓar zangon sigina da ake kira Ku, tsakanin gigahaz (ma'aunin zangon sigina) 10.7 da 12.75. Na'urar da ke bakin sandar dish, wato LNB, ita ke sauko da siginar zuwa ƙaramin zango domin ta iya bin waya zuwa dikoda. Tauraro ɗaya yana iya rufe ƙasashe da dama a lokaci guda, kuma bai damu da ko gidan yana tsakiyar birni ko ƙauyen da ko kwalta babu ba.

Kamfanonin talabijin na waya na zamani suna jan zaren gilashi, wato wayar da ke ɗaukar bayanai ta hanyar haske, zuwa unguwa, daga nan wayar tagulla ta ƙarasa gida-gida. A Amurka, gurbin tasha ɗaya mai faɗin megahaz 6 yana ɗaukar kusan megabit (ma'aunin yawan bayanai) 38 a sakan, kamfani kuma shi ke yanke shawarar tashoshi nawa zai cusa a ciki. Babbar fa'idar waya ita ce hanya ce ta zuwa da dawowa: ita ke kawo intanet da wayar tarho, kuma da ita ake zaɓar fim a kalla a lokacin da aka ga dama.

Ingancin hoto

A nan ne talla ta fi ruɗar masu saye. Sigina ta dijital ba ta san ko ta waya ta zo ko ta sama ba. In ta iso lafiya, hoton da aka turo shi za a gani. Abin da ke bambanta kamfani da kamfani shi ne matsi. Ba a iya tura hoton HD ɗanye, sai an matse shi da tsari irin su MPEG-2, ko H.264 da aka kammala a 2003, ko HEVC na 2013, kowanne yana rage nauyin da na gabansa ke buƙata da kusan rabi. Kamfanonin tauraro da yawa sun riga na waya komawa H.264, domin gurbi a tauraro yana da tsada ƙwarai, kuma wannan ya ba su damar tara tashoshin HD masu yawa a shekarun 2000. Masu waya sun daɗe a kan MPEG-2 saboda miliyoyin tsofaffin akwatunan dikoda da ke gidajen mutane.

Idan aka matse tasha fiye da kima, sunanta HD amma ido ba zai yarda ba. An fi gane haka a wasan ƙwallo: kyamara na juyawa da sauri sai ciyawar fili ta dagule, ƙananan murabba'ai su bayyana a gefen 'yan wasa. Haka ma hoton ruwa, hayaƙi da duhu. Mai labarai da ke zaune a kujera ba ya tona asirin kowane kamfani, don haka gwaji na gaskiya shi ne a kalli wasa kai tsaye a gidan maƙwabcin da ke amfani da kamfanin kafin a biya.

Yanayi da wurin zama

Raunin tauraro ruwan sama ne. Ɗigon ruwa yana shanye siginar Ku, kuma tun da dijital ba ta dusashewa a hankali, hoto kan daskare, ya tarwatse, ya ɗauke gaba ɗaya har hadarin ya wuce. Dish mai ɗan girma da saiti mai kyau yana rage matsalar sosai. Zangon C, mai buƙatar babban dish, ya fi jure ruwa. Akwai kuma 'yan kwanaki wajen Maris da Satumba ko Oktoba da rana ke daidaita da bayan tauraro, sigina ta ɗauke na 'yan mintoci. Dole ne kuma kada bishiya ko bene su tare tsakanin dish da tauraro, abin da ke wahalar da masu haya a manyan gine-gine. A Amurka, wata ƙa'ida ta hukumar sadarwa ta FCC da ta fara aiki a 1996 ta kare haƙƙin kafa dish da bai wuce mita ɗaya ba a wurin da mutum ke da iko da shi.

Waya ba ruwanta da hadari, sai dai in an tsinke ta wajen haƙa ko turke ya faɗi, unguwa duka ta yi duhu. Babbar matsalarta ita ce ba ta zuwa ko'ina, domin jan ta yana cin kuɗi, kamfani kuma ba ya ja sai inda gidaje suka yi cunkoso. Shi ya sa ta yi ƙarfi a ƙasashe irin su Holan da Beljiyam.

A Najeriya da Nijar

A Najeriya akan kira DStv, GOtv da StarTimes da sunan "kebul", alhali kuwa babu wayar da ta taso daga kamfani zuwa gida. DStv ta tauraro take zuwa. GOtv, da ta fara a 2011, tana amfani da turakun watsa shirye-shirye na ƙasa da ƙaramar eriya, StarTimes kuma tana da na eriya da na dish. A Nijar, Canal+ ma ta tauraro take isa gidaje. Saboda haka ainihin zaɓin mai kallo a Kano ko Maraɗi yana tsakanin dish, eriya da intanet ne. Wajibi ne ya tabbatar dikodarsa ta HD ce, kunshin da ya biya yana da tashoshin HD, sannan ya haɗa ta da talabijin da wayar HDMI. Gidaje da gidajen kallo da yawa suna da babban allo da dikoda mai kyau, amma an haɗa su da tsohuwar waya mai kai uku, ja da fari da rawaya, wadda ba ta ɗaukar komai sama da tsohon hoto mai layi 576.